Geron da Muke Kira Mai Kwalli

Shekaranjiya da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi kamar da gaske, iska ta kwaso ledojin Gusau ta watsa mana a harabar kwaleji. Ɗalibaina suka fara leƙen taga, har wata ta ce, "Dakta, yau dai za mu yi barci." Aka yi ɗan yayyafi wanda bai wuce ya kwantar da ƙura ba, sai ya ɗauke. Ƙamshin ƙasa ya tashi, kowa yana murna, ni kuwa raina ya ɓaci har na sallame su lokaci bai cika ba. Ba na son irin wannan ruwan, kuma ba na ɓoyewa. Ruwan da zai jiƙa bayan ƙasa ya bar cikinta a bushe, ya ta da abin da ke kwance sannan ya tafi ya bar shi, gara a ce bai zo ba. Astagfirullah, na san rahama ce. Amma ina da dalilina, kuma dalilin ya kusa shekara goma yana bin ni.

A shekarar da nake nufi, azumi ya faɗo a ƙarshen bazara, daidai lokacin da manomi ke kwana da ido ɗaya a sama. Baba ya rasu bayan kakar da ta wuce, ya bar ni da Inna da gonarsa ta jigawa a ƙauyenmu da ke bayan Nahuce, ƙasar Bungudu. Ni ne namiji tilo a ɗakin. Ina koyarwa a Gusau, ina kuma fama da digiri na uku a sashen nazarin addini na wata jami'a mai nisan tafiyar yini. Abin da nake bincike a kai shi ne roƙon ruwa a ƙasar Zamfara, me sunna ta zo da shi, me mutane suka ƙara na al'ada. Na zaga ƙauyuka da rakoda a aljihu, na gaji da tsofaffi, su ma sun gaji da ni. Farfesan da ke duba aikina ya koya mini abu ɗaya da ya zame mini jiki: duk abin da aka gaya maka, kada ka tashi sai ka ce, "Me ya sa?" Har wani tsoho a Kwatarkwashi ya raɗa mini suna Malam Me-ya-sa.

Gonar ba ita ce babban gadon ba. Babban gadon yana rataye a ɗakin girkin Inna, saman murhu, inda hayaƙi ke kore masa ƙwari. Irin gero ne da Baba ya gada wurin kakanmu, muna kiran shi Mai Kwalli, domin ƙwayarsa tana da wani duhu-duhu kamar an shafa mata kwalli. Zangarniyarsa doguwa ce mai gashi, tsuntsu ba ya jin daɗin sauka a kanta. Furarsa kuwa, idan Inna tana kirɓi, daga ƙofar gida za ka san yau da rabo. Aibinsa ɗaya, yana daɗewa kafin ya nuna. Shi ya sa mutanen garin duk suka watsar da irinsa suka koma wa sabon iri mai saurin zuwa, suna yi wa Baba dariya wai yana noman geron masu haƙuri. Baba bai taɓa tanka musu ba. Kowace kaka, kafin a sa lauje, sai ya bi gonar shi kaɗai yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta daban. Wanda ke rataye a shekarar nan shi ne zaɓensa na ƙarshe, kuma na rumbu mun riga mun cinye shi wajen zaman makoki da baƙi.

Ana cikin kwanakin farko na azumi Farfesa ya kira ni. Ya ce layi ya zo kaina, mako mai zuwa zan gabatar da babukan da na rubuta a gaban malaman sashe, idan kuma na bari ya wuce, sai baɗi. Na riga na yi shekaru a kan karatun nan har matata Hadiza ta fara kiran kundin binciken kishiyarta. Na tafi ƙauye na gaya wa Inna, Kawu Iro ƙaninta yana zaune a kan turmi.

"To, shuka fa?" in ji Kawu. "Hadari ya fara yawo. In ruwa ya sauka ba ka nan, wa zai yi sara?"

Tambayar tana kan hanya. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ba mai ara maka hannu, kowa gonarsa yake gudu. Samarin garin sun watse birni, Inna kuma gwiwa ta hana ta riƙe sungumi. Kawu ya ce idan ya gama tasa zai zo ya yi tamu, Inna ta ce jigawa ba ta jiran kowa, kafin ya gama danshi ya tsere. Na ce a ɗauki 'yan ƙwadago. Ta dube ni kamar na zagi Baba.

"Mai Kwalli za ka ba ɗan ƙwadago? Ya zuba maka rabi rami guda don ya gama da wuri? Ubanka bai taɓa ba."

"To na fasa tafiyar, Inna. Baɗi ma rana ce."

"Ba ka fasawa. Wanga karatu ya ci maka ƙuruciya, ba ya cin wata shekara saboda ni. Bizne za mu yi."

Binne ke nan, shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta yana jira. Idan aka yi sa'a ruwan farko ya zo da ƙarfi, ka riga kowa. Idan kuwa yayyafi ne, iri ya tsiro ya tarar ba komai a ƙasa, shi ke nan. Kawu ya girgiza kai ya ce binne caca ce, kuma ba a caca da irin da ba shi da na biyu. Inna ta ce ta ji, za ta rage wani abu. Haka aka yi sussuka a ranar, ta ware 'yan zangarniyoyi ta mayar saman murhu, don a cike gurbi idan wani wuri bai fito ba.

Ban manta wahalar binnen nan ba. Muna idar da sallar asuba muke fita, cikinmu da ɗan kunun sahur, don mu ci ƙarfin aiki kafin rana ta buɗe ido. Ina gaba da sungumi ina sara, ƙasa na tashi fari fat tana shiga mini hanci. Inna na biye da 'yar ƙwarya, ta ɗebo da yatsu uku ta jefa, ta rufe da diddige, tana ɗingishi. Kafin hantsi yashi ya fara ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Leɓe ya tsage, harshe ya yi nauyi, miyau ma ya ƙi taruwa. Hannuna na mai riƙe alli ya yi kanta tun ranar farko, Inna tana tsokana ta wai boko ya mai da mata ɗa tuwon shinkafa. Idan rana ta take sai mu koma ƙarƙashin gawo, inuwar da ba ta kai ta kawo ba, mu kwanta. Da yamma mu sake fita. Ranar da muka gama, ta tsaya a bakin gona ta ɗaga hannu ta daɗe tana addu'a, ni kuma hankalina ya riga ya hau mota.

Na isa jami'a na tarar ɗaya daga cikin malaman da za su saurare ni bai dawo daga tafiya ba. Aka ce gobe, aka ce jibi. Ina kwana a ɗakin wani abokina, ina buɗa baki da ƙosan bakin titi, ina duban sama kamar mai jiran baƙo. Ana cikin haka Kawu ya kira.

"An yi ruwa jiya," ya ce.

"Alhamdu lillahi. Danshi ya haɗe har ƙasa?"

Ya ce, "Na tona da yatsa. Gaɓa guda, sai busasshiya."

Washegari aka saurare ni. Aka yaba, Farfesa ya dafa kafaɗata ya ce saura ƙiris, abin da ya rage kawai in samo roƙon ruwa guda da na gani da idona, na ɗauka daga farko har ƙarshe, don babi na huɗu ya tsaya da ƙafarsa. Na ce to, in Allah ya kawo. Wallahi haka na ce, ban ji nauyin maganar ba sai daga baya.

Na dawo na tarar Mai Kwalli ya fito. Layi-layi, siriri, kore shar, abin sha'awa ga wanda bai san noma ba. Daga nan sama ta rufe bakinta. Kullum da la'asar hadari zai taso ta wajen duwatsun Kwatarkwashi, ya yi ruguntsumi, iska ta zo ta watsa shi. Rijiyar unguwa ta koma sai an jira ta taru, mata na kwana biyu ba su yi wanki ba. Hatsi ya yi tsada a kasuwar Bungudu, kunun buɗa baki ya tsinke har kana ganin gindin kofi. Awaki suka fara cin dangar gida. Ni kuma kowace safiya sai na je gona, kamar zuwana zai ƙara wani abu. Na ga tsiron ya fara naɗe ganye, ya koma ruwan toka, na tudu ya kwanta ya zama kamar zare. Sai can kusurwar gangare, inda ƙasa ta ɗan fi nauyi, nan ne kawai ya rage da rai, shi ma da rana sai ya sunkuya, da asuba ya ɗan ɗago.

Da abin ya kai intaha, liman ya yi shela bayan sallar Juma'a cewa za a fita roƙon ruwa. A yafi juna, a mayar da haƙƙi, a yi sadaka. Ba zan yi ƙarya ba, wani sashe na zuciyata ya yi murna. Ga abin da Farfesa ya nema ya zo har ƙofar gidanmu. Na je Nahuce na cika wayata da rakodata da caji, na zauna a zaure da takardu ina tsara tambayoyin da zan yi wa liman da tsofaffi.

Ana gobe za a fita, Inna ta leƙo zauren. Ba ta saba shigowa idan ina karatu ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu da gefen zane.

"Kai da kake karatun abin," ta ce, "wace sadaka ta fi a irin wagga rana?"

Ban ko ɗago kai sosai ba. Na amsa mata yadda zan amsa wa ɗalibi, da ɗan jin daɗin an tambaye ni abin da na sani. Na ce malamai sun yi bayani, ba yawa ake dubawa ba. Sadakar da ta fi ita ce mutum ya fitar da abin da ransa ya fi so, wanda rabuwa da shi zai yi masa ciwo.

"Wanda zai yi mai ciwo," ta maimaita.

"Shi ne, Inna."

Ta ce to, Allah ya ƙara sani, ta koma ciki. Na ci gaba da rubutu.

Da hantsi aka fita filin idi. Ba wanda ya sa kayan ado, tsofaffin riguna ne da silifa, wasu ma ba takalmi. An fito da yara da tsofaffi, wani ya jawo tinkiyarsa tana kuka. Liman ya ja raka'a biyu, ya yi huɗuba, ya juya ya fuskanci gabas ya juya mayafinsa, maza suka bi shi. Na ga dattawan da ban taɓa ganin haƙoransu ba suna kuka kamar yara. Ni ma na yi sallar, na yi addu'ar, amma hannu ɗaya yana sama, ɗaya yana lallaɓa aljihu ko rakoda na tafiya.

Al'adar garinmu, ranar roƙon ruwa kowane gida mata kan daka gumba a fitar sadaka. Da yake azumi ne, sai aka bari sai gab da magariba aka jera ƙoren a ƙofar masallaci. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗaukar hoto. Aka kira salla, aka fara miƙo wa mutane dunƙule-dunƙule. Wanda ya zo hannuna ɗan ƙarami ne, na yi bismilla na kai baki. Tun kafin in tauna ƙamshin ya gaya mini. Na dubi abin da ya rage a tafina, ga duhun nan a jikinsa. Sallar magaribar ma ban san me liman ya karanta ba.

Ina shiga gida na wuce ɗakin girki. Igiyar tana nan tana lilo saman murhu, ba komai a jikinta.

"Inna, ina sauran irin?"

"Ka ci shi," ta ce. Tana zaune tana firfita da faifai, ko gezau.

"Shi ke nan fa da ya rage mana a duniya."

"Na sani. Shi ya sa. Na duba ɗakin nan kaf, ban ga abin da zai yi min ciwo kamar shi ba. In Allah ya karɓa ya ba da ruwa, na gangare ya tashi, mu samu iri ko dami guda ne. In kuwa bai ba da ruwa ba, wanga da na aje a wace ƙasa za a shuka shi?"

Ina da amsa, ina da amsoshi ma, duk na karanta su: cewa iri amana ne, cewa ba a umarci kowa ya ba da abin da zai bar shi hannu rabbana ba, cewa akwai akuya a ɗaure da za ta wadatar. Amma gumba ta riga ta shiga cikin mutane. Kawu Iro da ya ji labari, ni ya kalla, ya ce, "Malam, a gaishe ka da fatawa."

Ruwa ya zo. Bai zo washegari ba, bai zo jibi ba, sai da aka ƙara kwanaki, ana gab da sallah. Ya zo da ƙarfinsa, kamar da bakin ƙwarya, har katangar makwabta ta faɗi. Gari ya ɗauki kabbara, yara na tsalle a tsakar gida. Da gari ya waye na ruga gangare ina zamewa a taɓo. Na durƙusa na bi layin da hannu. Duk wanda na taɓa sai ya biyo yatsana, saiwar ta riga ta mutu tun kafin ruwan. Ƙasa ta jiƙu har gwiwar hannu, irin danshin da Baba ke cewa ko tsakuwa ka shuka za ta fito, ga shi ba mu da abin sakawa. Ranar na je Bungudu na auno sabon iri irin na kowa, muka shuka ni da Inna.

Sauran fata ɗaya ya rage. Gwaggo Kulu, ƙanwar Baba, ta tafi da Mai Kwalli gidan aurenta a wani ƙauye ta wajen Tsafe, kuma na san tana shuka shi a bayan gida. Bayan sallah na hau mota. A tasha aka gaya mini ba sai na shiga daji ba, mutanen ƙauyen duk sun taso saboda 'yan bindiga, suna cikin garin Tsafe. Na same ta a wani kango da suka raɓa, ta rame, tana dafa abu a gwangwani. Sai da muka gama gaisuwa da jaje na rasa yadda zan fara, don kunya ce ka tambayi wanda ya rasa gari labarin gero. Da na daure na faɗa, sai ta yi wata 'yar dariya.

"Ɗan nan, da zanen jikina na fito. Rumbun ma sun sa mai wuta muna hange."

Na ba ta abin da ke aljihuna na dawo. Bayan nan na yi ta cigiya a kasuwanni. An sha kawo mini gero mai duhu a ce shi ne, in kai wa Inna, ta murza a tafi ta shinshina, ta miƙo mini abina.

Na gama karatun. Na kare kundin, aka ce babi na huɗu ya fi kowanne rai, aka fara kira na Dakta. Na ɗauki kwafi guda mai baƙin bango na kai wa Inna, lokacin ciwon da ya zama ajalinta ya fara kwantar da ita. Ba ta karatun boko, sai na buɗe mata wurin hotuna. Ta bi su da yatsa har ta tsaya a kan wata ƙwarya mai ɗinki a baki.

"Wagga tawa ce."

"Taki ce, Inna."

Ta matso da shafin kusa da ido. Hoton baƙi da fari ne, injin ma bai buga shi da kyau ba, gumbar kowa iri ɗaya ta fito.

"Kwallin bai fito ba," ta ce.

Na ce mata ai laifina ne, da ban ba ta waccan amsa ba da yanzu yana gona. Ta rufe kundin ta ɗora hannu a kai.

"Ƙarya ka gaya min?"

"A'a."

"To mi ne laifinka? Na tambaya, ka faɗi abin da ka sani."

Ta yafe, ni ne dai abin bai sake ni ba. Ba amsar ke damuna ba, amsar daidai take, ko yau aka tambaye ni a aji ita zan bayar. Abin da ke ci mini rai shi ne, na zaga Gusau da Tsafe da Bungudu, ban bar tsoho ko tsohuwa sun rufe baki ba sai na ce musu me ya sa. Uwata ta taka da gwiwarta mai ciwo har bakin zaure, ta yi mini tambayar da ba ta taɓa yi ba, tana goge hannu da zane, turmi na jiran ta a tsakar gida. Ita kaɗai ce ban ce wa me ya sa ba.